Makarantun ƙwallon 'yan mata: Wa ke biyan kuɗin shuka, wa ke kwashe girbi?

A daren Asabar, 26 ga Yulin 2025, Super Falcons ta farke ƙwallaye biyun da Maroko ta zura mata a birnin Rabat, ta ƙara na uku, ta ɗauki Kofin Afirka na mata karo na goma. Kwana biyu bayan haka Shugaba Bola Tinubu ya karɓi tawagar a fadarsa, ya sanar da kyautar dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, wato sama da naira miliyan 150 a canjin lokacin, haɗe da gida da lambar girmamawa ta ƙasa.

Kyautar ta tsaya kan 'yan wasa da masu horar da su. Ƙananan ƙungiyoyin da suka ɗauki waɗannan mata tun suna 'yan shekara 12 ko 13, suka saya musu takalmin farko, suka biya musu kuɗin mota zuwa fili, ba sa cikin rabon.

A nan matsalar ƙwallon mata take, a Najeriya da sauran duniya. Renon 'yar wasa yana cin kuɗi na shekara da shekaru, amma hanyar da kuɗin zai bi ya dawo wa wanda ya yi renon ƙunƙuntacciya ce. Shi ya sa makarantun horar da 'yan mata da ƙungiyoyin ƙwararru ke buɗewa suke rayuwa a kan alherin gwamna ko aljihun mutum ɗaya, kuma su ne na farko da ake rufewa idan aljihun ya yi sanyi.

Ga yarinyar da ke zaune a wuri irin Riko, a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, wannan lissafi ne zai nuna ko za a taɓa buɗe mata ƙofa, ko kuwa za ta ci gaba da kallon wasan a wayar yayanta.

Taswirar da ta tsallake Arewa maso Yamma

Riko mazaɓa ce ta manoma da makiyaya a yankin iyakar Najeriya da Nijar. Daga Jibiya zuwa birnin Katsina bai kai kilomita 50 ba, kuma a can akwai filin wasa na Muhammadu Dikko, gidan Katsina United ta maza. Amma yarinyar da ke neman ƙungiyar mata mai buga babbar gasar ƙasa sai ta wuce Katsina, ta wuce Kano, ta wuce Kaduna.

A kakar 2023/2024 ƙungiyoyi 16 ne suka fafata a babban rukunin gasar mata ta Najeriya, wato NWFL. Babu ko ɗaya daga jihohi bakwai na Arewa maso Yamma. Waɗanda suka wakilci Arewa su ne Nasarawa Amazons ta Lafiya, da Confluence Queens ta Kogi, da Adamawa Queens, da Naija Ratels ta Abuja. Sauran duk na Kudu ne.

Arewa ba ta rasa tarihi a wasan ba. Nasarawa Amazons ta lashe gasar a 2013 da 2017. Halimatu Ayinde, wadda ta shafe shekaru tana riƙe wa Falcons tsakiya, haifaffiyar Kaduna ce. Sai dai ita ma ficewa ta yi daga yankin kafin sunanta ya fito, ta buga wa Delta Queens, daga nan ta tsallaka ƙetare har ta kai Rosengård ta Sweden.

Ke nan, yarinyar Jibiya mai baiwa tana buƙatar abin da yarinyar Mushin a Legas ba ta buƙata: tafiyar yini guda, da masauki a garin da ba ta da kowa, da amincewar iyaye su sake ta tun tana ƙarama. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan kuɗi ne, ko kuma abin da ya fi kuɗi wuyar samu.

Abin da makaranta ke ci

Mutane kan ɗauka ƙwallo da fili kawai ake buƙata. Wanda ya taɓa riƙe yara 30 a gida ɗaya ya san ba haka ba ne.

Akwai abinci sau uku a rana, mai gina jiki, ga yaran da ke gudu safe da yamma. Akwai kuɗin makarantar boko, domin iyaye ba za su yarda a cire 'yarsu daga aji saboda ƙwallo ba, kuma suna da gaskiya. Akwai albashin koci da mataimakansa, da na matar da za ta kula da ɗakin kwana, da mai gadi. Akwai takalma da riguna da audugar mata. Akwai magani, kuma tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda bincike ya daɗe da nuna ta fi kama mata 'yan ƙwallo a kan maza, tana buƙatar tiyata da jinyar watanni.

Sai sufuri, wanda ya zama babban dodo tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙungiyar da ke Katsina, idan za ta buga da takwarorinta, kusan kowane wasan waje tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Ga kuma mafi ƙarancin albashi da ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024.

Duk wannan ana kashe shi ne a kan yaran da ba sa kawo ko sisi. Ba a sayar da tikitin wasan 'yan ƙasa da shekara 15, gidajen talabijin ba sa sayen haƙƙin nuna shi. Kuma cikin yara 30, ƙalilan ne za su zama ƙwararru. Sauran za su koma karatu, ko sana'a, ko ɗakin aure.

Yadda makarantun maza ke mayar da uwar kuɗi

A ɓangaren maza, wannan caca tana da riba saboda yaro ɗaya zai iya biyan kuɗin ɗari. Ahmed Musa ya taso daga makarantar GBS ta Jos, ya bi ta Kano Pillars, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai CSKA Moscow, kafin Leicester City ta saye shi a 2016 kan kimanin fam miliyan 16. Victor Osimhen ya fito daga Ultimate Strikers ta Legas, kuma a 2020 Napoli ta biya Lille kusan yuro miliyan 70 a kansa.

Dokokin FIFA sun tanadi hanyoyi biyu da irin waɗannan kuɗaɗe ke gangarowa zuwa ga masu reno.

Ta farko ita ce diyyar horarwa. Idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a ƙetare, sabuwar ƙungiyarsa za ta biya waɗanda suka horar da shi tun daga shekara 12, ko da ba a saye shi da ko kwabo ba.

Ta biyu ita ce kason haɗin kai. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A cinikin fam miliyan 16, wannan kaso ya kai fam 800,000.

Da wannan ne masu makarantun maza ke jan masu zuba jari. Suna iya nuna musu ƙofar da kuɗi zai shigo.

A ɓangaren mata, ƙofa ɗaya aka rufe, ɗayar kuma ƙarama ce

Shekara da shekaru sashe na 20 na dokar sauya sheƙar 'yan wasa ta FIFA yana faɗa ƙarara cewa diyyar horarwa ba ta shafi ƙwallon mata ba. Hujjar ita ce kasuwar ba ta yi ƙwari ba, kuma ɗora wa ƙungiyoyi wannan nauyi zai hana su ɗaukar matasa. Sai a 'yan shekarun nan FIFA ta fara tsara wani tsari na daban domin mata. Ma'ana, 'yan wasan da suka ɗauko kofi a Rabat sun taso ne a zamanin da ƙungiyar Turai za ta iya ɗaukar yarinyar da kwantiraginta ya ƙare ba tare da ta biya wanda ya rene ta komai ba.

Kason haɗin kai kuwa ya shafi mata, amma sai an yi ciniki da kuɗi, kuma mafi yawan matan da ke sauya ƙungiya tsakanin ƙasashe suna tafiya ne bayan kwantiraginsu ya ƙare. Inda ba a biya komai ba, kashi 5 na babu, babu ne.

Alƙaluman FIFA na 2024 sun nuna girman tazarar. A shekarar, ƙungiyoyin maza sun kashe dala biliyan 8.59 wajen sayen 'yan wasa tsakanin ƙasashe. Na mata sun kashe dala miliyan 15.6. Duk cinikin mata na duniya a shekara guda bai kai kuɗin da aka sayi Ahmed Musa shi kaɗai shekara takwas kafin nan ba.

Ga misali da lissafi. A ce wata makaranta a Katsina ta reni yarinya daga shekara 12 zuwa 17, daga baya aka sayar da ita a ƙetare kan dala 100,000, wanda babban ciniki ne a kasuwar mata. Dokar ta ba da kashi 0.25 a kan kowace shekara daga 12 zuwa 15, da kashi 0.5 a kan kowace shekara daga 16 zuwa 23. Shekara shidan sun tashi kashi 2 ke nan, wato dala 2,000. Wannan ba zai ciyar da yara 30 na zango ɗaya ba, balle ya biya wahalar shekara shida.

Duk da haka kasuwar tana motsi, kuma da sauri. Dala miliyan 15.6 ɗin nan ta ninka ta 2023, wadda ta tsaya a dala miliyan 6.1, fiye da sau biyu. A watan Fabrairun 2024 Bay FC ta Amurka ta sayi Racheal Kundananji 'yar Zambiya daga Madrid CFF kan kusan dala 790,000, abin da ya kafa tarihi a lokacin. A Janairun 2025 Chelsea ta biya dala miliyan 1.1 kan Naomi Girma, a watan Yuli kuma Arsenal ta biya Liverpool fam miliyan ɗaya kan Olivia Smith.

Saudiyya ma ta shigo kasuwar. Ta ƙaddamar da babbar gasar mata a 2022, Ashleigh Plumptre ta koma Al-Ittihad a 2023, Asisat Oshoala kuma ta koma Al-Hilal a 2025.

Akwai kuma wata ƙaramar ƙofa. Bayan Kofin Duniya na mata na 2023, FIFA ta raba dala miliyan 11.3 ga ƙungiyoyi sama da 1,000 a faɗin duniya, ciki har da waɗanda suka reni 'yan wasan tun suna ƙanana. Amma wannan kuɗi sau ɗaya yake zuwa a shekara huɗu, kuma wanda sunansa ke rubuce a tarihin rajistar 'yar wasa kaɗai ke samu.

Gwamna ko mutum ɗaya

Tun da kasuwa ba ta biya, wa ke biya a Najeriya? Amsar kashi biyu ce.

Kashi na farko gwamnatocin jihohi. Rivers Angels, Bayelsa Queens, Delta Queens, Edo Queens, Nasarawa Amazons da Adamawa Queens duk na gwamnati ne. Idan gwamna yana son wasan, abubuwa na tafiya. Bayelsa Queens ta zo ta uku a Gasar Zakarun Afirka ta mata a 2022, Edo Queens ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2024. Sai dai gwamna wa'adinsa shekara huɗu ne, renon 'yar wasa kuwa yana ɗaukar shida zuwa takwas. Kofin da za a ɗaga a gaban kyamara bana ya fi jan hankalin ɗan siyasa a kan yarinyar da sai magajinsa ya zo za ta yi fice. Don haka kuɗin ya fi tafiya wajen ɗauko 'yan wasan da wasu suka gama renowa.

Kashi na biyu su ne masu zaman kansu, kuma a hannunsu ne mafi yawan renon yake. FC Robo Queens ta Legas, wadda koci Emmanuel Osahon ya kafa, ita ta fito da Asisat Oshoala, wadda ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, da Rasheedat Ajibade, kyaftin ɗin da aka zaɓa gwarzuwar gasar Maroko, da Gift Monday. Naija Ratels ta lauya Paul Edeh ta gina kanta a kan matasa. Remo Stars Ladies tana cin moriyar filaye da kayan aikin da Kunle Soname ya gina a Ikenne ta Jihar Ogun. Oshoala da kanta ta buɗe makarantar 'yan mata a Legas a 2022.

Tarihin Oshoala ya nuna yadda tsarin yake. Robo ta rene ta, Rivers Angels mai kuɗin gwamnati ta ɗauke ta, Liverpool ta tafi da ita a 2015, Barcelona ta ci moriyar shekarun ganiyarta. Wanda ya fi shan wahala shi ya fi nisa da tukunya.

Haɗarin dogaro da mutum ɗaya kuma a fili yake. Ranar da kasuwancinsa ya girgiza, ko ya gaji, ko ya koma ga Mahaliccinsa, makarantar ta tafi, yaran kuma su watse a tsakiyar karatu.

Ko a Ingila ba ta canza zani ba

Wanda ke ganin talaucin Najeriya ne kaɗai sanadi, ya duba Ingila, ƙasar da ta ɗauki Kofin Turai na mata a 2022 da 2025.

Reading ta shafe shekaru a babbar gasar mata ta ƙasar, kuma a nan Fran Kirby ta taso tun tana ƙarama. Da mai ƙungiyar ya shiga matsin kuɗi, a watan Yunin 2024 aka janye ɓangaren mata daga rukuni na biyu zuwa na biyar, manya da yara suka shiga neman mafaka. A watan Mayun 2025 Blackburn Rovers, wadda Keira Walsh da Georgia Stanway da Ella Toone suka bi ta makarantarta, ita ma ta janye daga rukuni na biyu saboda masu ita sun ƙi ɗaukar nauyin sabbin sharuɗɗan gasar. A duka biyun, ɓangaren mata reshe ne a jikin ƙungiyar maza, kuma reshe ake fara sarewa.

A Amurka, iyaye ne ke biya. Iyali kan kashe dubban daloli a shekara don 'yarsu ta buga a ƙungiyar matasa, da fatan wata jami'a za ta ɗauke ta karatu kyauta. Tsarin ya samar da taurari, amma ya bar 'ya'yan talakawa a waje, kuma ba abin da za a kwaikwaya ba ne a Jibiya, inda magidanci ke lissafin kwanon masara kafin komai.

Misalin da ya fi kusa shi ne Maroko. A 2020 hukumar ƙwallon ƙasar ta ƙaddamar da shirin shekara huɗu, ta kafa rukunai biyu na ƙwararru, ta ɗauki nauyin wani ɓangare na albashin 'yan wasa da masu horarwa, ta kuma shirya gasannin 'yan ƙasa da 17 da 15. Ba ta jira kasuwa ta biya ba. Cikin shekara biyu AS FAR ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka, tawagar ƙasar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 2022, sannan ta tsallake zagayen farko a Kofin Duniya na 2023. Yanzu Maroko ce ke karɓar baƙuncin Kofin Duniya na 'yan mata 'yan ƙasa da 17, wanda ya koma na shekara-shekara, daga 2025 zuwa 2029.

Wannan sauyi na ƙarshe ya shafi Najeriya kai tsaye. Flamingos, wadda ta zo ta uku a Indiya a 2022, yanzu tana buƙatar sabbin yara kowace shekara. Ƙasar da ke ɗebo 'yan wasanta daga rabin taswirarta kawai za ta ji a jikinta.

Tambayoyin iyaye

A Katsina, kuɗi rabin magana ne. Sauran rabin yana hannun uba da uwa da malamin unguwa, kuma tambayoyinsu sanannu ne. Wace sutura za ta sa? Wa zai koya mata, namiji ko mace? Wa zai kalle ta? A ina za ta kwana? Karatunta fa, na boko da na islamiyya?

Wasu daga cikin tambayoyin sun sami amsa a dokar wasan kanta. Tun 2014 aka halasta buga ƙwallo da ɗankwali a hukumance, kuma a ranar 30 ga Yulin 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga Kofin Duniya na manya sanye da hijabi. Dogon wando da riga mai dogon hannu ba su saɓa doka ba.

Tambayar kwana ce ta fi nauyi. Tun bayan sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, kalmar makarantar kwana tana tayar wa iyayen Katsina hankali. Jibiya tana cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba, har aka katse layukan waya a yankin a 2021. Sulhun da aka ƙulla a farkon 2025 ya kawo sauƙi, amma tara 'yan mata 30 a gida ɗaya kusa da daji ba shawara ce da wani mai hankali zai yanke da garaje ba.

Tattalin arzikin yankin ma ya sha duka. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, kuma ta Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta har zuwa Maris na 2024. 'Yan kasuwar Magama da direbobin hanyar Maraɗi, waɗanda a garuruwa irin wannan su ne ke saya wa ƙungiyar unguwa riguna da ƙwallo, sun shafe shekaru suna neman na cefane.

A irin wannan yanayi ne dillalan bogi ke samun shiga. Duk wanda ya zo wa iyaye da alkawarin kai yarinya Turai ko Saudiyya, ya nemi kuɗin fom ko na biza, ya kamata a tuna masa cewa FIFA ta haramta sauya sheƙar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan togaciya ƙalilan.

Abin da zai iya tsayawa da ƙafarsa

Idan aka haɗa lissafin nan wuri ɗaya, makarantar kwana mallakar ƙungiyar ƙwararru, irin wadda Barcelona ta buɗe wa 'yan mata ƙofarta a La Masia a 2021, ba ita ce za ta fara isa Riko ba. Ta yi tsada, kuma iyaye ba za su saki 'ya'yansu ba. Abin da ya dace da wurin shi ne cibiyar jeka-ka-dawo a cikin makarantar 'yan mata.

Dalilan a fili suke. Fili yana nan, katanga tana nan, yaran suna kwana a gidajen iyayensu suna cin tuwon gida, karatu bai tsaya ba. Manyan kuɗaɗen uku, masauki da abinci da makaranta, sun fita daga lissafi. Abin da ya rage shi ne alawus ɗin malamar wasanni da aka horar ta zama koci, da kayan wasa, da motar zuwa gasa tsakanin makarantu.

Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin karatun 'yan mata na sakandare, ciki har da gyaran makarantu da koyar da dabarun rayuwa. Makarantun da aka riga aka gyara su ne wurin da ya fi sauƙin farawa.

Ƙungiyar ƙwararru kuwa, ko tana Lafiya ko Abuja, ba sai ta gina komai ba. Za ta iya ƙulla yarjejeniya da cibiyoyin, ta aiko da masu horarwa lokacin hutu, ta ɗauki wadda ta yi fice bayan ta gama sakandare. Sharaɗin shi ne a rubuta kason cibiyar a cikin yarjejeniyar, har da kaso daga duk cinikin da za a yi nan gaba.

Wannan ya kawo maganar da ta fi kowace arha, kuma aka fi sakaci da ita: takarda. Yarinya ta samu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, cibiyar ta yi rajista da hukumar ƙwallon jiha, a shigar da sunan kowace yarinya tun tana shekara 12. Duk kuɗin da FIFA ke rabawa, tarihin rajista take bi. Cibiyar da ta reni yarinya shekara biyar ba tare da rajista ba, a idon doka ba ta taɓa ganin ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyakar ma tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Cikin togaciyar dokar 'yan ƙasa da 18 akwai wadda ta ce yaron da gidansu bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba zai iya yin rajista da ƙungiyar maƙwabciyar ƙasa da ita ma ba ta wuce kilomita 50 daga iyakar ba, muddin yana kwana a gidan iyayensa kuma hukumomin ƙwallon ƙasashen biyu sun amince. Cibiya a Jibiya za ta iya amfanar yaran Ɗan Issa da ƙauyukan Madarumfa, waɗanda harshe ɗaya da dangi ɗaya suke da mutanen Riko.

Inda alhakin yake

Kuɗin fara irin wannan aiki ba sai an ƙirƙiro shi ba. Kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa tana iya karɓar har dala miliyan 8 daga shirin FIFA Forward tsakanin 2023 da 2026. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta kuma sa sharaɗin cewa ƙungiyar maza da ke son buga gasanninta sai ta mallaki ƙungiyar mata ko ta ƙulla yarjejeniya da wata. Kano Pillars ko Katsina United, duk ranar da suka samu gurbin Afirka, wannan sharaɗi na jiran su. Suna iya aro sunan wata ƙungiya daga nesa don cika fom, suna kuma iya fara renon tasu a gida.

Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, Ibrahim Musa Gusau, da shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a watan Oktoban 2024, Shehu Dikko, dukansu 'yan Arewa ne, sun san yankin da al'adunsa. Abubuwa uku ne za su nuna ko da gaske ake: a tilasta wa ƙungiyoyin NWFL riƙe tawagar 'yan ƙasa da 15 da 17 mai kasafinta daban, a kafa dokar cikin gida da za ta sa babbar ƙungiya ta biya ƙarama idan ta ɗauke mata 'yar wasa, sannan a samar da gasar makarantun 'yan mata a Arewa maso Yamma da malamai mata ke jagoranta.

Kyautar 'yan wasa 24 da suka je Rabat ta tashi dala miliyan 2.4. Yarinyar da za ta buga wa Najeriya Kofin Duniya na 2035 yanzu tana firamare ko ƙaramar sakandare, kuma kuɗin da za a kashe don gano ta bai kai ko kusa da haka ba.